Tsakanin Haƙarƙari da Ƙasa: Zaɓen Shimfiɗar Kwanan Daji

Shirin faɗakarwa na yau ya shafi shimfiɗar da matafiyi ke kwanciya a kanta idan dare ya riske shi a inda babu gado, ko mai yawon buɗe ido ne da ya kafa tanti a gandun daji, ko ɗan sikawut da ɗan agaji a sansanin horo, ko ma'aikacin safiyo da aiki ya kai shi nesa da gari, ko kuwa alhajin da zai kwana a filin Muzdalifa. Galibin masu shirin irin wannan tafiya sukan kashe kuɗinsu da tunaninsu a kan abin rufa, wato bargo ko jakar barci, wadda mayafi ne da aka ɗinke gefensa aka sa masa zif domin mutum ya shige ciki, sannan su ɗauki duk abin da hannu ya kai gare shi a matsayin shimfiɗa, alhali kuwa sanyin da ke tayar da mai kwanan fili kafin asuba yawanci daga ƙarƙashinsa yake shigowa.

Dalilin haka yana cikin ɗabi'ar zafi. Jikin ɗan Adam yana riƙe da ɗumin da ya kai kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma zafi kullum yana gudu ne daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi har sai sun daidaita. Idan abu biyu suka haɗu jiki da jiki, zafin yakan ratsa kai tsaye daga ɗaya zuwa ɗaya, saurin ratsawar kuwa ya danganta da irin abin da aka taɓa, shi ya sa ƙarfen ƙofa ya fi katakonta sanyi a tafin hannu da asubahin hunturu ko da yake wuri ɗaya suka kwana. Ƙasa ta fi iska saurin jan zafi nesa ba kusa ba, musamman idan tana da danshi, domin ruwa yana ratsar da zafi fiye da iskar da ke tsaye sau 20 da wani abu. Kuma saboda girmanta, babu yadda jikin mutum guda zai ɗumama ta, sai dai ta yi ta zuƙe ɗuminsa tun daga farkon dare har wayewar gari, a daidai lokacin da barci ya sa jikin ya rage zafin da yake samarwa.

Bargo da jakar barci ba su iya tare wannan asara, saboda abin da ke sa su ɗumi shi ne iskar da ke maƙale tsakanin zarurrukansu, ko na ulu ne, ko na auduga, ko gashin agwagwa. Ɓangaren da ke saman mutum yakan kumbura ya riƙe iskarsa, amma ɓangaren da ke ƙarƙashin kafaɗa da ƙugu nauyin jiki yakan danne shi ya kore iskar, ya bar ƙyalle biyu a manne da juna waɗanda ba su hana komai wucewa. Wannan ne ya sa ma'aunin ƙasa da ƙasa da ake gwada jakunkunan barci da shi ya tanadi a ɗora jakar a kan shimfiɗa mai tare sanyi sosai kafin a rubuta mata darajar sanyin da za ta jure, ma'ana wanda ya sayi jakar da aka rubuta mata digiri 5 ya kwanta da ita a kan tabarma zalla bai cika sharaɗin da aka gina wannan lamba a kansa ba, kuma ba shi da hujjar zargin jakar idan ya kwana yana makyarkyata.

Saboda haka aiki biyu ake nema daga shimfiɗa, kuma ba lallai su taru a abu guda ba. Na farko shi ne taushi, wato raba nauyin jiki yadda tsakuwa da saiwa ba za su soki ƙashi ba. Na biyu shi ne tare zafi kada ya zurare cikin ƙasa. Ido da tafin hannu suna iya auna na farko a shago, amma na biyu ba ya ganuwa, kuma a nan ne masu saye suka fi ruɗuwa. Babbar katifar iska irin wadda ake hurawa a shimfiɗa wa baƙo a ɗaki tana iya kai kaurin santimita 20 ko fiye, tana da taushi ƙwarai, amma cikinta fili ne guda babu shamaki, don haka iskar da ta ɗumama a jikin mutum takan kewaya ta gamu da ɓangaren da ke manne da ƙasa da gefunan da iskar dare ke bugawa, ta huce, wata mai sanyi ta maye gurbinta. Iska tana tare zafi ne kawai idan an tsare ta a ƙananan gurabe inda ba ta iya motsi, kuma duk fasahar da aka zuba a shimfiɗun zamani a kan wannan tsarewa take.

Masu ƙera waɗannan kaya suna bayyana ƙarfin tare zafi da abin da ake kira ma'aunin R, wato lambar da ke nuna yadda abu ke hana zafi ratsa shi, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙarfin tarewar, ta yadda mai R 4 ta ninka mai R 2. Shekaru da dama kowane kamfani yana auna kayansa yadda ya ga dama, wasu ma kintace kawai suke yi, har sai da hukumar tsara ma'aunai ta ASTM da ke Amurka ta fitar da hanya guda a shekarar 2018, wadda manyan kamfanoni suka fara aiki da ita daga 2020. Gwajin mai sauƙin fahimta ne: ana matse shimfiɗar tsakanin faranti biyu, na sama yana kan digiri 35 a madadin jikin mutum, na ƙasa yana kan digiri 5 a madadin ƙasa mai sanyi, sai a auna yawan wutar lantarkin da farantin sama ke bukata domin ya ci gaba da riƙe zafinsa. Lambar da aka rubuta a jikin kwali ba tare da ambaton wannan gwaji ba, kamar yadda ake yawan gani a kayan araha da ake tallatawa a intanet, bai kamata a ɗauke ta fiye da maganar talla ba.

A bisa al'adar masu wannan harka, shimfiɗa mai R 1 zuwa 2 ta wadatar a daren da babu sanyi, mai 2 zuwa 4 ta dace da daren da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 10 amma ruwa bai daskare ba, mai 4 zuwa sama kuma ita ake nema inda ruwa ke daskarewa, yayin da masu kwana a kan ƙanƙara ke neman 5 ko 6 ko fiye. Wani abin amfani game da wannan ma'auni shi ne ana iya tara shi, ma'ana idan aka ɗora mai R 2 a kan wata mai R 2 an sami kusan R 4, kuma wannan lissafi kaɗai yana iya hutar da mai ƙaramin ƙarfi daga sayen abu mai tsada. Sai dai lambobin jagora ne na gaba ɗaya, domin tsofaffi da yara da ramammu sun fi saurin jin sanyi, haka nan mata da yawa sun fi maza ji a lokacin barci. Mai ciwon sikila kuwa, wanda sanyi yana daga cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwon, ya kamata ya ƙara a kan duk abin da aka ce ya wadatar.

Kafin a zo ga kayan kamfani, ya dace a auna na gida da wannan mizani. Tabarmar kaba tana raba jiki da ƙura, tana shan iska, ba ta sa gumi, kuma ƙaya ba ta kashe ta, amma siririya ce, don haka taushinta kaɗan ne kuma sanyin da take tarewa bai taka kara ya karya ba. Tabarmar roba ta fi ta jure ruwa, ba ta fi ta ɗumi ba. Buzu, wato fatar rago da aka jeme da gashinta, ya fi su duka tare sanyi, saboda gashin yana riƙe iska kuma ba ya lotsewa gaba ɗaya a ƙarƙashin nauyi, illarsa ita ce gajarta da nauyi da wuyar bushewa idan ya jiƙe. Busasshiyar ciyawa da aka tara aka ɗora tabarma a kanta tsohuwar dabara ce mai tushe, haka ma busasshen kwali da aka ninka biyu ko uku, sai dai tarin ciyawa maɓoya ce ta kunama da gizo-gizo, kuma wajibi ne a karkaɗe ta tun da sauran haske. Soson katifa kuwa, wanda mutane da yawa ke yanka su naɗe da igiya, ƙofofinsa a buɗe suke suna haɗe da juna, shi ya sa yake shan ruwa da raɓa, yake kuma lotsewa har ƙugu ya taɓa ƙasa idan siriri ne. Yana da amfani ga mai tafiya a mota lokacin rani, ba shi da shi ga mai tafiya a ƙafa ko da damina.

Shimfiɗun da aka ƙera musamman domin kwanan daji iri uku ne, kuma mafi sauƙinsu ita ce ta soso mai rufaffun ƙofofi, wato roba mai ɗauke da ƙananan kumfa marasa adadi, kowane a rufe yake bai haɗu da maƙwabcinsa ba. Kamfanin Karrimor na Ingila ya yi suna da irin wannan shimfiɗa tun cikin shekarun 1960. Kaurinta yakan kasance tsakanin santimita 1 da 2, nauyinta bai cika wuce giram 400 ba, R ɗinta yana kewayen 2, kuma ana naɗe ta ko a ninke ta a ɗaure a bayan jaka. Ba ta shan ruwa, ba a hura ta, ba ta da bawul ɗin da zai lalace, kuma ko ƙaya goma suka soke ta aikinta bai ragu ba. Abin da ake biya a madadin wannan aminci shi ne ƙarancin taushi da girman ƙunshi, sannan bayan dogon amfani kumfan sukan mutu ta sirance. Ana rarrabe ta da soson katifa ta hanyar ɗiga mata ruwa, domin ruwan yakan tsaya a samanta ya gangare. Kuma bai kamata a ruɗa ta da tabarmar motsa jiki ba, wadda kaurinta bai cika wuce rabin santimita ba, an kuma yi ta ne domin hana santsi.

Iri na biyu ita ce mai hura kanta, wadda asalinta yana birnin Siyatil na Amurka, inda a farkon shekarun 1970 wasu injiniyoyi da suka yi aiki a kamfanin jiragen sama na Boeing, Jim Lea da Neil Anderson da John Burroughs, suka kafa kamfanin Cascade Designs suka fitar da shimfiɗar Therm-a-Rest. Dabarar ita ce a ɗauki soso mai buɗaɗɗun ƙofofi, irin wanda aka ce yana shan ruwa, a manne shi cikin rigar da iska ba ta ratsa ta, a sa mata bawul. Idan aka kwance naɗin aka buɗe bawul ɗin, soson yakan miƙe ya ja iska da kansa, mai ita ya cika da hurawa biyu ko uku ya rufe. Iskar ta ɗauki nauyin jiki, soson kuma ya hana ta kewayawa. Masu kaurin santimita 2.5 zuwa 5 ana iya goya su, masu kaurin 7 zuwa 10 kuwa sun kusa katifar ɗaki a daɗi amma sai da mota. Ko ta huje, soson da ke ciki yana rage wa mai ita wani abu na wahalar dare.

Iri na uku ita ce ta iska zalla, wadda ta yaɗu sosai bayan fitowar samfurin NeoAir a 2009. An rarraba cikinta gida-gida, wasu kuma an sa masu siririn fallen alminiyam mai mayar da zafi ga jiki, ko zaren roba, ko gashin agwagwa, domin hana iskar yawo. Kaurinta yakan kai santimita 6 zuwa 10, nauyinta yana kewayen rabin kilo, idan an naɗe ta ba ta fi gorar ruwa ta lita ɗaya girma ba, kuma mafi ingancinsu suna haura R 7. Babu wadda ta kai ta haɗa taushi da ɗumi da rashin nauyi, babu kuma wadda ta kai ta tsada da rauni, domin huda ɗaya da ido ba ya gani ta isa ta sauke mutum a kan tsakuwa da tsakar dare. Akwai kuma masu arahar cikinsu da babu abin tare zafi a ciki ko kaɗan, waɗanda R ɗinsu yake kewayen 1, kuma a shago kamarsu ɗaya da masu tsadar.

A nan ne yanayin ƙasa ke yanke hukunci. Yawancin shawarwarin da ake karantawa game da waɗannan kaya an rubuta su ne domin dazuzzukan Turai da Amurka ta Arewa, inda ƙasa ke da taushi da ciyawa, babban abokin gaba kuma shi ne sanyi. Dajin Sahel da na arewacin Najeriya kuwa na ƙaya ne: ga ƙarangiya mai maƙalewa a tufa ta shiga tanti tare da mai ita, ga tsidau mai kwanciya a ƙasa da tsininsa a sama, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya da ke zuba a gindin itatuwan da matafiyi ke nema domin inuwa. A irin wannan ƙasa shimfiɗar iska ita kaɗai caca ce, kuma hukuncin da ya fi kusa da hankali shi ne a fara da ta soso mai rufaffun ƙofofi, wanda yake da hali kuma yake son ƙarin taushi ya ɗora ta iska a samanta, ta ƙasan ta tare ƙaya ta ƙara ɗumi, idan ta saman ta sace kuma ba a rasa abin kwanciya ba. Mai sayen ta iska ya duba lambar kaurin zaren rigarta, wadda ake kira deniya, wato nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a ma'aunin giram: mai 20 ko 30 an yi ta ne domin rage nauyi, mai 70 zuwa sama ita ce mai jure gurzuwa.

Kuskure ne a ɗauka cewa ƙasashe masu zafi ba su bukatar lissafin sanyi. A hamada, inda iska ta bushe kuma babu gajimare, ƙasa takan saki zafin da ta tara da rana cikin hanzari da zarar rana ta faɗi, shi ya sa a yankin Bilma da Tenere na Jamhuriyar Nijar, hanyar da ayarin gishiri ke bi daga Agadas a lokacin sanyi, wasu dararen Janairu sukan kusanci darajar da ruwa ke daskarewa. Tudu ma haka yake, domin zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowane hawan mita 1,000. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, tsaunin Bagazam a yankin Ayar na Nijar ya haura mita 2,000, Chappal Waddi kuwa, wanda ke gandun Gashaka-Gumti a Jihar Taraba kusa da iyakar Kamaru, ya kai mita 2,419, kuma shi ne mafi tsayi a Najeriya. Mai niyyar kwana a irin waɗannan wurare cikin hunturu ya nemi R 3 zuwa 4. Mai zuwa Kilimanjaro a Tanzaniya, inda sansanonin sama ke daskarewa da dare, ya nemi 4 zuwa sama.

Da bazara lissafin yakan juya. Idan ƙasa ta fi fata sanyi kaɗan, ɗan zafin da take ja sauƙi ne ga mai barci, kuma a irin wannan dare tabarmar kaba ta fi shimfiɗar roba mai hana gumi bushewa. Wanda ba shi da sai ta roba ya ɗora mata zanen auduga. Amma akwai wuraren da ƙasar ce da kanta ta fi jiki zafi, kamar fa da kwalta da suka yini a rana, kuma a nan soso yana aiki ta ɗaya fuskar, yana hana zafin ƙasa isowa ga jiki. Muzdalifa misali ce a fili. Alhazai suna isa can bayan faɗuwar ranar 9 ga Zulhajji daga Arfa, su kwana a sarari a kan tsakuwa ko kwalta cikin cunkoso, sannan su ɗauki kayansu zuwa Mina, da yawansu a ƙafa. Abin da ya dace da wannan dare shi ne siririyar shimfiɗar soso mai ninkewa, marar nauyi, wadda ba a hurawa kuma taku ba ya fasa ta. Tunda kalandar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11 kowace shekara, aikin Hajji yana zagaya dukkan yanayoyi cikin kimanin shekara 33, kuma soson yana da amfani ko daren ya zo da zafi ko da sanyi.

Batun taushi ya danganta da yadda mutum ya saba kwanciya. Mai kwanciya rigingine nauyinsa yana bazuwa a kan gadon baya, don haka santimita 2 zuwa 4 suna iya isarsa. Mai kwanciya a gefe, kamar ɗimbin Musulmi da suka saba farawa da gefen dama, nauyinsa yana taruwa a kan kafaɗa da ƙugu, kuma sai da santimita 6 ko 7 waɗannan gaɓoɓi za su nutse ba tare da sun taɓa ƙasa ba, ƙashin baya kuma ya miƙe. Mutane da yawa suna hura shimfiɗa har ta yi tauri suna zaton haka ya fi, alhali hanyar da ta dace ita ce a cika ta, a kwanta a gefe, a riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan har ƙugu ya kusa taɓa ƙasa, sai a rufe. Gwajin a kwance ake yinsa, domin a zaune kowace shimfiɗa takan lotse. Iskar da aka hura da yamma kuma takan tsuke idan dare ya yi sanyi, ta yadda saukowa daga digiri 30 zuwa 10 ke rage kusan kashi 7 cikin 100 na girmanta, saboda haka ɗan laushin da aka ji kafin asuba ba lallai huda ba ce.

Girman da aka fi ƙerawa shi ne tsawon santimita 183 da faɗin 51, kuma wannan faɗi yana da ƙunci ga mai faffaɗan ƙirji, wanda gwiwar hannunsa za ta riƙa faɗawa ƙasa. Ga irinsa akwai mai faɗin 64, in dai tantin zai ɗauka. Akwai kuma gajera mai tsawon kusan santimita 120 domin masu ƙirga nauyi, waɗanda ke sa jakar kaya a ƙarƙashin ƙafa. Masu fallen alminiyam sukan yi ƙara idan aka juya, abin da ya kamata mai sauƙin farkawa ya gwada tun a shago.

Akwai iyakar abin da shimfiɗa ke iya yi, kuma sanin wannan iyaka ya fi sanin lambobi muhimmanci. Ba ta hana kunama ko kububuwa zuwa, macijin da ya yi ƙaurin suna a yankunan Gombe da Taraba da Filato, har asibitin Kaltungo ya shahara da jinyar waɗanda ya sara. Abin da ke kare mai barci shi ne tanti mai ɗinkakken ƙasa da zif, ko gidan sauro da aka cusa gefensa a ƙarƙashin shimfiɗa ta kowace fuska, ko gadon tafi-da-gidanka mai ɗaga mutum daga ƙasa, ko da yake shi ma gadon yana bukatar soso a kansa lokacin sanyi saboda iskar da ke ratsawa ta ƙarƙashinsa. Wajibi ne a share makwanci da rana, a nisanci suri da tarin duwatsu da hanyar kwarkwasa, a guji kwari da bakin fadama inda sanyi da ruwa ke taruwa, a shimfiɗa tampol a ƙasa idan da danshi, a kuma sa kai ta wajen tudu idan wurin gangare ne. Ba a kwantar da jariri a kan katifar iska, domin fuskarsa tana iya nutsewa numfashi ya toshe, kuma hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka ga duk yaron da bai wuce wata 15 ba. Wanda sanyi ya dama kuma kada ya shigar da kaskon gawayi cikin tanti, saboda gawayi yana fitar da iskar guba marar launi marar wari da ke kashe mutum cikin barcinsa.

Kulawa da kayan tana ƙara masu shekaru. Rana ita ce babbar mai lalata shimfiɗar iska, domin idan aka bar ta a hure cikin tanti da tsakar rana, iskar takan kumbura ta ɓalle mannin da ke ciki, wani sashe ya tasa ya yi ƙululu, kuma wannan lahani ba ya gyaruwa. Don haka a buɗe bawul da safe. Tartsatsin wuta da fetur da man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET duk suna cin wasu robobi. Hurawa da baki tana shigar da danshi ciki, shi ya sa aka fi son jakar hura iska ko ƙaramin famfo. Mai hura kanta ana ajiye ta ne a miƙe da bawul a buɗe, a ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa, domin soson da ya daɗe a naɗe yakan daina miƙewa. Idan ta huje, a hura ta a shafa mata ruwan sabulu a nemi inda kumfa ke tashi, a goge wurin ya bushe sarai kafin a sa gam da faci, kuma kayan facin su kasance cikin jaka ɗaya da shimfiɗar a kowace tafiya.

Irin waɗannan kaya da yawa a kasuwar gwanjo ake samunsu, kuma a can ta soso ba ta da abin ɓoyewa, domin duk lahaninta a fili yake, idan aka matsa ta da yatsa ta dawo da sauri tana da sauran rai. Ta iska da mai hura kanta kuwa ba a gane lafiyarsu cikin minti biyar a bakin rumfa, saboda ƙaramar huda tana ɗaukar sa'o'i kafin ta bayyana. Mai sauraron da zai sayi irinsu ya yi sharaɗi da mai kaya cewa zai dawo da ita idan ta sace, sannan ya hura ta a gida ya kwana a kanta a kan daɓen siminti dare guda cur kafin ranar tafiya.